Kwana Uku A Zangon Masu Koyon Jita

Cikin al'adun mutanen Amurka akwai wata wadda ba a cika kawo mana labarinta ba, domin ba ta shiga sinima, ba a kuma jin ta a labarun rediyo. Al'adar kuwa ita ce, ran Jumma'a sai ka ga magidanci mai furfura ya rufe ofis ko kanti, ya ɗauki jita ya sa a bayan mota, ya yi tafiyar mil ɗari biyu ko uku zuwa wani daji, ya biya ɗaruruwan daloli, don kurum a zaunad da shi bisa kujera a koya masa yadda ake taɓa tsirkiya. Haka nan ma mata, har da masu jikoki. Ran Lahadi da la'asar kowa ya kama hanyar gida, ran Litinin ya koma bakin aikinsa. Ba a ba su takardar shaida, kuma da wuya a sami wanda ke da niyyar neman abinci da kiɗan.

Irin waɗannan wurare sun daɗe. A garin Elkins na jihar West Virginia an fara taron Augusta cikin 1973, don koyar da kiɗa da sana'o'in hannu na mutanen duwatsu. Cikin 1991 aka fara taron Swannanoa a Kwalejin Warren Wilson, kusa da birnin Asheville. Wani gwanin jita mai suna Steve Kaufman ya buɗe nasa a Maryville ta jihar Tennessee cikin 1996. Sa'an nan cikin 1998 Jorma Kaukonen, wanda ya yi suna a ƙungiyar makaɗa ta Jefferson Airplane, ya buɗe zangon Fur Peace tare da matarsa a ƙauyukan kudu maso gabashin Ohio, inda aka riƙa yin karatun ƙarshen mako. Waɗansu mako guda suke ɗauka, waɗansu kwana uku ko huɗu. Bayan waɗannan manya akwai ƙanana barkatai, kuma ɗaya daga cikin ƙananan ne na halarta a watan Oktoba na 2023, a yammacin jihar Karolina ta Arewa.

ƘASAR DUWATSU

Daga birnin Charlotte muka tashi da hantsi, ni da mai masaukina, wanda shi ya rubuta sunana tun watanni uku kafin in iso ƙasar. Tafiyar ba ta wuce awa biyu da rabi ba. Da fari ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jan ƙasa da 'yan tuddai, ita ake kira Piedmont, watau gindin dutse. Sannu a hankali hanya ta fara hawa tana lanƙwasa kamar maciji, har kunnuwa suka toshe. Waɗannan su ne duwatsun Afalashiya, kuma a nan ne Dutsen Mitchell yake, mai tsawon mita 2,037, wanda babu kamarsa a tsawo a duk gabashin kogin Misisifi.

Mai karatu da ya saba da duwatsun Jos ko na Gwoza kada ya ɗauka irinsu ne. Waɗannan ba a ganin jikin dutsen sam, itatuwa sun lulluɓe su tun daga gindi har bisa. Idan ka hango su daga nesa sai ka ga wani shuɗin hazo ya kwanta a kansu, shi ya sa ake kiran wannan yanki Shuɗin Tudu. Masana sun ce wani tururi ne da ganyayen itatuwan ke fitarwa yake jawo wannan launi. Da yake kaka ce, ganyen ya rine, wani ja wur, wani ruwan ɗorawa, wani kamar an zuba masa lalle. Bisa ƙoƙuwar duwatsun an shimfiɗa wata hanyar shaƙatawa mai tsawon mil 469, wadda aka fara cikin 1935, ba a gama ba sai 1987. Mun ɗan bi ta kafin mu gangara cikin kwarin da zangon yake.

Zangon ba wani abin a zo a gani ba ne. 'Yan ɗakunan katako ne a jere bakin wani rafi, kowanne da gado biyu, da babban ɗakin cin abinci, da wani tsohon rumbun dabbobi da aka gyara aka sa masa dandamali da kujeru. Wayar hannu ba ta kamawa sai an hau tudu. Da dare sanyi yakan sauko irin na tsakiyar hunturu a Jos, ko ma ya fi.

SU WA KE ZUWA?

Mun kai mu talatin, kuma in ka cire mutum uku ko huɗu, babu wanda bai ba shekara hamsin baya ba. A teburin da na ci abincin dare ran Jumma'a akwai likitan haƙori, da direban babbar mota wanda ya ajiye aiki, da wata malamar asibiti, da lauya, da wata tsohuwa manomiya mai shekara saba'in da 'yan kai. Bayan an ci abinci aka yi da'ira, aka ce kowa ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi.

Labarin kusan ɗaya ne. Yawancinsu sun taɓa riƙe jita suna samari, sa'an nan aure da 'ya'ya da biyan bashin gida suka sa aka tura ta ƙarƙashin gado shekara talatin ko arba'in. Yanzu 'ya'ya sun tashi, gida ya yi shiru, sai mutum ya tuna. Direban nan ya ce shekarun da ya yi yana tuƙi shi kaɗai da rediyo, kullum yatsunsa na kaɗa sitiyari, yana ce wa kansa wata rana. Tsohuwa manomiyar kuwa jitar mijinta ta zo da ita. Ya rasu shekara biyu da suka wuce, kuma tun da suka yi aure kowane dare yakan kaɗa wani ɗan take a baranda. Ba a taɓa ɗaukarsa a faifai ba, 'ya'yansu ba wanda ya koya. Taken yana kanta kurum, ita kuwa ta san shekarunta. So take ta fid da shi daga kanta zuwa yatsunta, ta danƙa wa jikanta, tun ba a binne shi tare da ita ba.

A nan ne baƙo daga ƙasar Hausa zai tsaya ya yi tunani. A wurinmu kiɗa gado ne da sana'a. Ɗan makaɗi ke bin ubansa da kalangu ko kotso tun yana ƙarami, kuma da wuya ka ji alƙali ko likita ya nemi wani ya koya masa garaya bayan ya yi furfura, don gudun abin da mutane za su ce. Su kuwa a can lauya da direba suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa na fama da yatsunsa, kuma sau da yawa direban ne ke nuna wa lauyan inda zai aza nasa.

KARATUN ASABAR

Da ƙarfe tara na safe aka raba mu aji uku. Aka sa ni cikin na 'yan fari, mu goma, tare da direban da tsohuwar. Malaminmu wani dogo ne mai sanyin murya, wanda ya yi shekaru yana yawon kiɗa gari gari kafin ya zauna ya kama koyarwa.

Ya fara da gyaran tsirkiya. Jita tana da tsirkiya shida, daga mai kauri a sama zuwa siririya a ƙasa, kuma ana kiran muryoyinsu da haruffa: E, A, D, G, B, E. Kowacce tana da kunne a kan jitar, wanda ake murɗawa a tsananta ta ko a sassauta. A jitar da ke da tsirkiyar ƙarfe, idan an ɗaure duka shida, ƙarfin da suke jan fuskar katakon da shi ya kai wajen kilo 70, alhali kaurin fuskar bai wuce milimita 3 ba. Abin da ke hana ta tsagewa shi ne waɗansu 'yan sanduna da aka manna daga ciki, an gicciya su. Kamfanin Martin, wanda wani Bajamushe ya kafa a Niyok cikin 1833 kafin ya ƙaura zuwa Nazareth ta jihar Pennsylvania cikin 1839, shi ya shahara da wannan gicciye. Siffar jita mai ƙugu da faɗin ciki da muka sani a yau kuwa, ana danganta ta da wani masassaƙi na ƙasar Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. Malamin ya gargaɗe mu cewa babban abokin gaban wannan katako shi ne busasshiyar iska. Wanda duk ke da jita a Kano ko Sakkwato sai ya kiyaye wannan in hunturu ya kama: ya ajiye ta cikin akwatinta tare da ɗan soso mai laima, kada ya rataye ta a bango.

Sa'an nan aka shiga ainihin karatu, watau salon da ake kira na Piedmont, wanda ake kaɗawa da yatsu zalla. Sirrinsa yana ga babban yatsan dama. Shi zai riƙa sauka bisa tsirkiyoyi masu kauri, ɗaya bayan ɗaya, ta shida sa'an nan ta huɗu, ta shida sa'an nan ta huɗu, bugu huɗu huɗu, ba gaggawa ba tsayawa, kamar mata biyu suna daka a turmi guda. Yana cikin haka sai manuniya da na tsakiya su riƙa tsinko waƙar daga sirarran tsirkiyoyi. Idan gwani ya yi, sai ka rantse mutum biyu ne ke kiɗa. Idan ɗan koyo ya gwada, da zarar manuniya ta motsa sai babban yatsa ya tsaya cik, kamar jakin da ya ga rami.

Awa guda cur malamin bai bar mu mun taɓa kome ba sai wannan daka na babban yatsa. Ya kunna wata 'yar na'ura mai ƙas-ƙas kamar agogo, ya sa ta a bugu 60 cikin minti guda, ya ce kowa ya bi ta. Ya kuma sa mu riƙa hira da juna muna yi, domin a cewarsa sai yatsan ya iya tafiya ba tare da hankali na tsaronsa ba, sa'an nan hankali zai sami sukunin kula da sauran. Ya ce babba ba ya kasa yaro fahimta, ya ma fi shi. Inda yaro ya fi shi biyu ne, yaro ba ya jin kunyar kuskure, kuma ba ya ƙosawa da maimaici. Shawararsa ita ce minti goma sha biyar kowace rana ta fi awa uku ran Lahadi kaɗai.

Kafin azahar yatsun hagu sun yi ja, tsirkiyar ƙarfe ta yi musu layi layi. Wannan zafi ba shi da magani sai kanta, kanta kuwa sai an yi makonni ana yi take fitowa. Na ga lauyan nan yana tsoma yatsunsa cikin rafi yana cije baki.

MAGABATAN WANNAN KIƊA

Bayan abincin rana aka tara azuzuwan duka a rumbu, wata malama ta ba da tarihin waɗanda aka gaji salon daga gare su. Yawancinsu baƙar fata ne talakawa na wannan yanki, kuma labarinsu ya dace da masu sauraro ƙwarai.

Akwai Elizabeth Cotten, 'yar Karolina ta Arewa, wadda ta sayi jitarta ta fari da kuɗin aikatau tana yarinya. Da yake bahaguwa ce, sai ta juya jitar ta kife, sirarran tsirkiyoyi suka koma sama, ta ƙago nata salo. Bayan ta yi aure ta ajiye kiɗa shekaru da yawa. Sai da ta manyanta, tana aiki a gidan iyalin Seeger, waɗanda makaɗa ne, ta sake ɗaukar jita. Faifanta na fari ya fito cikin 1958 tana da shekara sittin da 'yan kai, ta kuma sami lambar Grammy cikin 1985, shekara biyu kafin rasuwarta.

Akwai Etta Baker ta garin Morganton, wanda muka ratsa a hanyarmu ta zuwa. An haife ta cikin 1913, ta yi shekaru fiye da ashirin tana aiki a masaƙa tana renon 'ya'ya, kuma faifan da ya fara fitowa da sunanta ita kaɗai sai cikin 1991 ya fito, tana da shekara 78. Akwai Gary Davis, makaho, wanda aka haifa cikin 1896, ya yi kiɗa a titunan Durham, daga baya ya koma Niyok inda samari suka riƙa zuwa gidansa ɗaukar karatu har ya rasu cikin 1972. Almajiransa irin su Stefan Grossman da Roy Book Binder su suka yaɗa salonsa, kuma da yawa daga malaman zangunan nan ta hannun irinsu suka samu. Akwai kuma Doc Watson na ƙauyen Deep Gap, Bature makaho, wanda ya rasu cikin 2012, gwanin kaɗa jita da ɗan farcen roba.

Malamar ta ja hankalinmu ga abu guda. Kusan duk waɗannan mutane ba daga takarda suka koya ba, daga hannu zuwa hannu ne, gwiwa da gwiwa. Yau akwai dubban darussa a intanet kyauta, amma allon kwamfuta ba zai miƙo hannu ya gyara maka wuyan hannunka ba, ba zai kuma ji cewa kana gaggawa a bugu na uku ba. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai bar gidansa ya zo ya kwana a ɗakin katako.

DAREN ASABAR

Da dare aka hura wuta a fili, kowa ya jawo kujera. Ƙa'idar zaman ita ce a bi da'ira, wanda layi ya zo kansa ya zaɓi waƙa, saura su bi shi a hankali, wanda bai iya ba ya yi dakan babban yatsa kurum. Can sai wani daga malaman ya fito da banjo, watau wani abin kiɗa mai zagayayyen ciki da aka rufe da fata kamar ganga, da dogon wuya. Da ya ji daga inda na fito sai ya taso ya zauna kusa da ni, ya tambaye ni ko na san gurmi.

Tambayar tana da tushe. Banjo dai bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara yin sa a tsibiran Karibiyan, da ƙwarya da fata da sanda. Wani likita Bature, Hans Sloane, ya ga irinsa a Jamaika, ya sa zanensa cikin littafin da ya buga a 1707. Masu bincike suna kwatanta shi da akontin na Jolawan Sanigal da Gambiya, da ngoni na Mali, suna kuma ambaton gurmi da molo na ƙasarmu cikin danginsa. Na ba shi labarin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, mai tsirkiya ɗaya tak, wanda ya rasu cikin 2015, da yadda ya cika filaye da shi. Shi kuma ya kawo zancen Ali Farka Toure na Niafunke da Bombino na Agadas, waɗanda ya ce yana da fayafayansu a mota. Muka yi ta hira har wuta ta zama toka.

RANAR FITA FILI

Ran Lahadi da safe kowane ɗalibi yakan hau dandamali ya kaɗa abin da ya koya, minti biyu ko uku. Ba tilas ba ne, amma ana ƙarfafa gwiwa. Tun da asuba ka ji ƙauye ya ɗauka da ƙananan sautuka, kowa ya sami gindin itace yana bita. Likitan haƙori, wanda ya saba riƙe allura cikin bakin mutane hannunsa bai taɓa rawa ba, na ga takardarsa tana karkarwa. Lauya ya hau ya manta farkon waƙarsa, ya yi dariya ya sake. Direba ya yi nasa tsaf, kansa a sunkuye, babban yatsansa na tafiya kamar injin da ya sami hanya. Ni ma na yi nawa dakan, na sauko lafiya.

Tsohuwa manomiya ce ta ƙarshe. Tun ran Asabar da rana malaminmu ya keɓe da ita a baranda, tana rera masa taken da baki, shi kuma yana lalubo shi bisa tsirkiya, tana cewa a'a, ba haka yake yi ba, har suka dace. Sa'an nan ya rage shi ya zama daidai ƙarfin yatsunta, ya zana mata a takarda, layi shida da lambobi, kowace lamba na nuna inda za a danna. Da ta hau, ta zauna, ta gyara tabarau, ta fara. Ta kai tsakiya sai ta kakare. Rumbu ya yi tsit, ba wanda ya yi tari. Ta koma farko, ta sake kakarewa a wuri guda. Malamin, daga inda yake zaune a gefe, sai ya fara dakan babban yatsa a hankali bisa tasa jitar, bai ce uffan ba. Ta saurara, ta kama bugun, ta haye wurin, ta kai ƙarshe. Taken bai fi minti ɗaya da rabi ba. Aka miƙe tsaye ana tafi, malamar asibiti tana share ido, wani kuma ya riga ya ɗauka da wayarsa don a aika wa jikan.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Kwana uku ba sa mai da kowa makaɗi, masu zangon ma ba su yi da'awar haka ba. Abin da mutum ke komawa gida da shi shi ne aikin wata shida a takarda, da sanin yadda zai yi shi, da lambobin abokai waɗanda za su tambaye shi ko yana yi. Akwai kuma abin lura game da kuɗi: tsadar wurin ta sa galibin masu zuwa masu hali ne, Turawa, alhali waɗanda suka ƙago kiɗan 'yan aikatau ne da ma'aikatan masaƙa. Waɗansu zanguna suna ware gurabe kyauta don rage wannan giɓi, amma giɓin yana nan.

A ƙarshen watan Satumba na 2024 guguwar Helene ta afka wa waɗannan duwatsu da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kogin Swannanoa da na French Broad suka yi ambaliya, ƙasa ta zabtare, gadoji suka karye, mutum fiye da 100 suka rasu a jihar. Cikin dukiyar da ruwa ya ci har da kayan kiɗan da aka gada kaka da kakanni. Katako da tsirkiya ana iya sayen waɗansu, kuma jama'a sun yi ta tara kayan kiɗa suna kai wa waɗanda suka rasa nasu. Take kuwa, in yana kan mutum ɗaya ne kurum, ranar da ya tafi shi ke nan.

Wannan magana ta shafe mu. A garuruwanmu akwai tsofaffin masu gurmi da garaya da kukuma waɗanda 'ya'yansu sun kama wata sana'a, akwai kuma ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makaranta da ke sauraron kiɗan nan a mota suna kaɗa kai. Abin da zangon nan yake bukata bai wuce inuwa da tabarmi da abinci da ladan malami ba. Hausawa sun riga sun ce gemu ba ya hana ilmi. Saura a sami wanda zai fara shimfiɗa tabarmar, da dattijon da zai cire hula ya zauna gaban makaɗi ya ce, "Malam, nuna mini inda zan sa yatsa."